Kusurwa ta Huɗu

Zuwa ga Bakhita, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakar ranar Umdurman, ruwan randa a maƙogwaron mai azumi. Ya ke mai yatsu goma da kowannensu ya fi bakina iya magana, ya ke wadda in ta zauna gaban abin kiɗan nan urgun har tattabarun rufin kanisa, majami'arku, sai su yi tsit! Gaisuwa daga Jatau baduku, wanda kika sani da warin jima da baƙin farce, wanda ya haura shekara goma sha huɗu yana ƙaunarki bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. To yau na faɗa, a ranar da faɗar ba za ta amfane ni da komai ba.

Da Hausa nake rubuta miki, ko da yake mu Hausawan nan ba mu saba ɗora ta a takarda ba. Larabcina na kasuwa ne, da shi nake rantse wa mai saye cewa fatar akuya ta barewa ce, kuma ba na so in zo miki da harshen da na saba ƙarya da shi. Sittana mai shayi, wadda take dasa murhunta a ƙofar kanisarku kafin yaƙi, ita za ta kawo miki wannan takarda can garin Kosti, inda kika yi hijira. Ita ce kuma ta zo mini da labarinki, labarin da ya hana ni sukuni.

Kin tuna ranar farko? An aiko Kasuwar Umdurman neman wanda ya iya aikin fata, wai zugazugin urgun na babbar kanisar Anglikan ya yage. Na zaci irin na maƙera ne. Na zo na tarar da wani ƙaton abin kiɗa mai bututu bila adadin, kansa ya kusa taɓa rufi, a cikinsa kuma ga akwatin da ke tara masa iska, mai kusurwa huɗu na fatar tunkiya, ɓeraye sun yi walima da su. Na rarrafa ciki ina ƙunƙuni da Hausa, ina tsine wa ragon da ya bar kaya irin wannan ya lalace. Sai wata murya ta amsa mini daga waje da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Jazira: "Raguwar tana jinka, ya usta, gwanin sana'a. Kai dai gyara." Don kunya na zabura, na gwara kaina da katako.

A hankali na san ki, rabin raina. Na san an haife ki a zangon masu tsinkar auduga na Jazira, iyayenki 'yan Dutsen Nuba, maƙwabtanku Hausawa, a bakinsu kika tsinci harshenmu. Kin ba ni labarin matar fasto da ta fara ɗora yatsunki a kan ɗan ƙaramin urgun na takawa, lokacin ƙafafunki ba sa kaiwa ƙasa, da yadda kika zana maɓallai da gawayi a kan falanki kika riƙa kaɗa shiru a bayan bukka. Kin zo Khartum kin yi shekara uku kina sharar kanisa don a bar ki ki taɓa babban na minti goma. Tsohon makaɗin ya rasu, aka duba aka ga babu kamarki. Da Kudancin ƙasar nan ya ɓalle, rabin mawaƙanki suka hau manyan motoci suka tafi, kika tsaya, kika sake tara wasu daga masu wanki da masu gadi na unguwar Alsahafa. Kika riƙa tsara waƙoƙinki da kanki, kina ɗauko muryar gonar auduga da luguden matan unguwarku kina shigar da su gidan ibada. Wace mace ce ta taɓa yin haka a garin nan? Kuma ina baduku zai kai zuciyarsa bayan ya ga irin wannan?

Kin san yadda muke aiki. Ke ki danne maɓalli ɗaya ki riƙe, ni ina kwance a cikin urgun da jiƙaƙƙen tafin hannu ina laluben inda iska ke tsiyaya. In na gano na liƙe, sai ki ce bari ki gwada, ki saki hannu biyu da ƙafa biyu. Jama'a daga benci suke jin kiɗanki, ni daga cikinsa nake ji, katako na rawa a haƙarƙarina, ƙura na zubo mini a gemu. Bayan nan ki dafa mana gahawa, jabana da citta, mu zauna a dakalin baya kina tsokanata cewa kunnena na jaki ne amma hannuna na zinariya. Tun rasuwar matata ban san wani wuri da nake zama in ji na zauna ba sai wannan dakalin.

Yanzu ki daure ki karanta abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gyaran farko na yi shi tsakani da Allah, ya yi kyau har ya cuce ni, wata goma sha ɗaya ba ki neme ni ba. Sau nawa na tsallaka gada ba da wani dalili ba, na sha shayin Sittana na koma? Da aka sake kirana, sai na liƙe kusurwa uku da gam mai kauri yadda ubana ya koya mini, ta huɗu kuwa na tsinka gam ɗin da ruwa. Zafin Khartum ya ƙarasa mini sauran. Duk wata uku ko huɗu fatar ta ɗaga, iska ta fara huci, ki aiko a kira usta. Ke kina ɗora laifin a kan rani da tsufan kaya, har kina yabona gaban mutran, shugaban kanisarku, cewa ba don ni ba da tuni urgun ya mutu. Ni kuwa ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Shekara goma sha uku ina wannan sata.

Sai ga babbar waƙarki ta Ista, wadda kika shekara bakwai kina tsarawa, kina gogewa, kina sakewa. Aka ce wani malami zai zo daga makarantar kiɗa ta Kampala da na'urar ɗaukar sauti, har ana raɗe-raɗin zai tafi da ke ki koyar a can. Kika kira ni ana saura kwana goma, cikin watan azumi. Ranar ba ki dafa jabana ba, ke ma ko ruwa ba ki kurɓa a gabana ba. Kika ce, "Ya usta, wannan karon ina son numfashi cikakke." Na ce an gama. Na liƙe uku. Da na zo ta huɗu sai Kampala ta faɗo mini a rai, na ga dakalin baya ba kowa a kansa, hannuna ya miƙa ga butar ruwa. Ba zan ce mantuwa ce ba. Na dai gaya wa kaina cewa zai riƙe har damina kamar kullum. Ni ban iya karanta waɗannan ɗigo-ɗigon na takardunki ba, ban san cewa a ƙarshen waƙar za ki buɗe dukkan bututun a lokaci guda ba, abin da ba ki taɓa yi ba tunda na san ki.

Ina tsaye a waje gindin taga ranar. Wayyo Bakhita, me kunnen jakin nan bai ji ba! Kin fara a hankali kamar yayyafi a kan kwano, mawaƙa suka shigo ɗaya bayan ɗaya, masu wucewa a titi suka tsaya, mai rakasha, keken haya mai ƙafa uku, ya kashe injinsa. Kiɗan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har na manta ina azumi, na manta sunana. Sai na ji ƙarar da na fi kowa sani a duniya, fata ta rabu da katako. Urgun ya yi nishi kamar raƙumin da aka durƙusar, ya yi shiru. Mawaƙan suka ɗan ci gaba su kaɗai, suka ruɗe, suka tsaya. Baƙon ya naɗe wayoyinsa ya ce sai baɗi. Da kika fito kika gan ni, fuskarki a jiƙe, ke ce ma kika ba ni haƙuri: "Malesh, ya usta, ka yi iya ƙoƙarinka." Na tsaya kamar gunki na karɓa. Bayan kwana shida bindigogi suka tashi, kika bi hanyar Jabal Awliya da tufar jikinki kawai.

Da hanya ta buɗe na je na duba. An ɓalle bututun an tafi da su, kabad ɗin takardunki ya zama toka. Da an ɗauki waƙar ranar nan, da yanzu tana can Kampala inda wuta ba ta kai ba. Wannan kaɗai ya isa ya bi ni har kabari. Amma Sittana ta ce akwai wanda ya fi shi. Ta ce kina cewa Ubangiji ne ya ƙi karɓar baikonki, shi ya ɗauke numfashin urgun a gaban jama'a, ya bi takardun da wuta. Ta ce akwai 'yar kanisa a Kosti mai ƙaramin abin kiɗa, sun roƙe ki har sun gaji, ko ƙofar ba kya bi. Ta ce kin daina addu'a.

Hasken idona, ni Musulmi ne, ban san abin da malamanku ke faɗi a kan karɓar ibada ba, amma na san gam. Allah bai ƙi waƙarki ba. Wani baduku ne mai son kai ya zuba ruwa a inda bai kamata ba, don ya riƙa ganin fuskarki. Babu wata alama daga sama a cikin abin da ya faru, babu kuskure a yatsunki. Ki sauke laifin daga kanki, ki sauke shi daga kan Mahaliccinki, ki ɗora wa mai shi. Waƙar tana nan a kanki, na sani, macen da ta koyi kiɗa a kan falanki ba ta mantuwa. Ki nemi takarda ki sake rubuta ta tun kafin shekaru su fara ɗebe miki ita.

Na san abin da na saya da wannan wasiƙa. Har jiya akwai mace ɗaya a duniya da in an ambaci Jatau take cewa mutumin kirki ne, yau da hannuna na kashe wannan. Na yi wata biyu ina juya maganar, ina son in mutu da yabonki. Amma yaya zan ci gaba da zama mutumin kirki a idonki, ke kuma kina gaba da Ubangijinki a kan laifina? Ba na neman gafara, ban cancanta ba. Ba na neman amsa. In Sittana ta dawo ta ce kin yayyaga takardar nan, kin tsine mini da Hausa da Larabci da harshen iyayenki, sannan kin yafa mayafinki kin nufi kanisa, to na samu duk abin da nake roƙo.

Ba zan ƙara rubuto miki ba, ba zan zo inda kike ba. Zan dai ci gaba da ƙaunarki daga nan rumfata, ba wata mace, ba wani dakali, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Naki, ko da kin haramta wa bakinki sunana,
Jatau