Saudatu Mai Allura

Briqueterie, Yaoundé
Mayu, 1974

Zuwa ga Yaya Zara, a Ngaoundéré,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Kada ki bari ta daina shafa maganin nan.

Albishirinki! Na ci konkur, jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Likitan dispansar ɗinmu, ƙaramin asibitin da nake aiki, ya ce in na yi shekara biyu can, zan dawo ina karɓar haihuwa da takardata, har in kai shugabar ɗaki wata rana. Wallahi Yaya na gaji da dafa allura da wankin miki, da "Saudatu kawo tire". Maigidana Malam Lado ya amince, sai tsokana yake, wai nan gaba sai ya nemi izinina kafin ya yi tari a gidansa. Makarantar tana da nisa, amma zan jure.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa mini albarka.

Ƙanwarki,
Saudatu

Satumba, 1974

Yaya Zara,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙon atamfa da kika aiko don tafiya, Allah ya saka. Sai dai ban tafi ba.

Kada ki yi faɗa tukuna. Hajiya Aisatu, uwar matan layinmu, ta kwaso mini mata cike da tsakar gida, da goro a faifai. Suka ce duk masu allura a dispansar maza ne, mazajensu kuwa ba za su bar su su kwance zane gaban namiji ba. Ni ce ke bin su gida-gida ina yi musu allura in na tashi aiki. Ni ce ke juya wa likita ciwonsu da Faransanci. Hajiya har da kuka, wai zan bar su kamar marayu. Kin san ni da son yabo, nan take kaina ya kumbura. Washegari na gaya wa likita na fasa. Ya dube ni ya girgiza kai, aka ba wata yarinya daga unguwar Messa gurbina.

Yanzu ko kasuwar Mokolo na shiga, sai ki ji "Mai allura, sannu!" Da daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma in na ɗauki tire sai in tuna makarantar nan.

Taki,
Saudatu

Yuli, 1976

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Mu jiki lafiya, zuciya ce dai.

Kin tuna Hadija, 'yar autar Hajiya Aisatu? Ranar Talata naƙuda ta kama ta tun hantsi. Ba su kai ta asibiti ba, suka ce ai Saudatu na nan. Da la'asar na shiga, na sa hannu a cikinta, Yaya, ban san abin da nake taɓawa ba. Matan duk sun zuba mini ido, ga akwatin allurata a gefe, ba abin da zai yi mata. Na yi ta jira, ina zaton ɗan zai zo da kansa, kafin na ce a nemo tasi. A babban asibiti aka ce ɗan ya kwanta a gicciye ne, wanda ya yi karatun abin da taɓawa ɗaya zai gane. Hadija ta tsira da kyar. Yaron bai zo da rai ba.

Ba wanda ya zage ni, ina ma sun zaga. Da na je gaisuwa, Hajiya ta riƙe hannuna tana ta godiya, wai na yi iya ƙoƙarina. Gaskiya ta faɗa, iyakar abin da na iya ke nan. Na nemi sake konkur, aka ce shekaruna sun wuce.

Jiya likita ya sanar da mu cewa 'yan ajin da na ƙi shiga sun gama. Da na tafi, Yaya, da tun watan jiya na dawo.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Saudatu