Ɓauren Wendell da Kwalayen Charlene

Marietta, Jojiya, Amurka
9 ga Oktoba

Zuwa ga yayana Clive,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marjorie da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa sabon maganin ya karɓe ka. Ni ma na gode wa Allah, aikin da aka yi mini a ƙugu ya yi kyau, har na fara takawa da sanda. 'Yata Rosalind ta riƙe ni sati biyar a gidanta na Nashville, ta yi ɗawainiya da ni ba kaɗan ba. Sau biyu kana tambayata a waya me ya sa muryata ta canza, ina ce maka ba komai. Akwai komai, yaya. Na ƙi faɗa ne don na san za ka katse ni ka ce in ɗora buta in sha shayi in huce. A takarda kuwa dole ka saurara har ƙarshe.

Ka tuna Charlene, maƙwabciyata ta tsallaken titi, wadda ta rungume ka ranar jana'izar mijina Wendell har ka rasa inda za ka sa hannuwanka. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Tun zuwana unguwar take mini dariya, ni kuma ina ɗauka wasa ne. Firjina wai na 'yar tsana ne, don nata mai ƙofa biyu ne, ga wani a gareji cike da nama. In ta gan ni na nufi kanti da ƙafa da 'yar jakata, sai ta tsayar da ƙatuwar motarta ta tambaye ni ko lafiya, ko tawa motar ce ta lalace. Ranar da ta same ni ina ɗinke safar Wendell, dariya ta yi har da hawaye, washegari ta kawo mini safa ƙafa ashirin da huɗu a leda ɗaya. Shanya ce dai ba ta taɓa yi wa dariya ba. Ta ce ganin wanki a igiya yana zubar da darajar unguwa, ga injin busarwa Allah ya hore wa kowa. Ni kuwa ka san 'yar wa ce ni. Mama ta yi shekara hamsin tana shanya a Ludlow ta Ingila, inda rana ke leƙowa sau biyu a sati, sai ni da ke zaune a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya zan zuba zannuwan gadona cikin inji?

Duk da haka na riƙe ta ƙawa, har na rufa mata asirin da bai kamata ba. Charlene ba ta iya wuni ba ta sayi wani abu ta waya ba. Mijinta Dwayne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, bayansa ya lalace da hawa rufi, ya so ya yi ritaya shekara uku da suka wuce bai samu hali ba. Da garejinsu ya cika har mota ta koma kwana a waje, ya rantse mata in ya sake ganin kwali ɗaya a ƙofa zai bar gidan. Ta zo mini tana kuka, ta ce in bari a riƙa sauke kayan a ƙofata, na ɗan lokaci ne kawai. Na ce to, don bakin 'yar Ingila bai iya cewa a'a ba. Garejina fili ne tun da na sayar da motar Wendell. Haka kwalaye suka yi ta taruwa, yawancinsu ko buɗe su ba ta yi ba.

Yanzu ga abin da ta saka mini da shi. Ka san lambun da Wendell ya yi a gaban gida, shi da kuɓewarsa da tumatir, ni da kabeji da wake, da ɓauren da ya dasa shekarar da ciwon ajalinsa ya fara. Ka kuma san wasiyyarsa, cewa a ƙone gawarsa a zuba tokar a gindin ɓauren nan. Kana tsaye muka yi, Charlene ma tana tsaye, ita ce ma ta riƙe mini lema. To a farkon shekarar nan aka zaɓe ta shugabar kwamitin unguwa, masu dokar tsawon ciyawa da launin ƙofa. Da zan tafi asibiti na ba ta makullina, na roƙe ta ta riƙa kwashe mini wasiƙu. Ranar da Rosalind ta dawo da ni, na ɗauka mun ɓata gida. Babu lambu, babu igiya, babu ɓaure. An shimfiɗa ciyawar nan da ake sayarwa a naɗe kamar darduma, kore shar, daga bakin titi har ƙofa, daidai da ta kowa.

Ban gama sauka daga mota ba ta tsallako da faranti lulluɓe, tana murmushin nan nata mai haƙora talatin da biyu. Cewa ta yi, “Haba ƙawalli, kada ki gode mini. Da wannan ƙugun naki ina ke ina noma? Yanzu kin huta.” Na tambaye ta ina ɓauren. Ta ce ai masu aikin sun niƙe shi a injinsu sun tafi da shi har da ƙasar, amma in ina so za ta kai ni babban kanti in zaɓi wata bishiyar a tukunya, an ma rage musu kuɗi. Yaya, ka san me ya fito daga bakina? Na gode na ce. Na karɓi farantin, har na ba ta haƙurin wahalar da na sa ta. Haka aka rene mu, a taka mana ƙafa mu ne masu cewa a gafarce mu. Sai da na rufe ƙofa na faɗa jikin Rosalind.

Kwana biyu bayan nan Mista Pruitt, tsohon malamin makarantar da ke ƙarshen layi, wanda shi ne magatakardan kwamitin, ya zo duba ni da takardun zamansu a hannu. Ya ce ranar da aka yanke a share lambuna, shi kaɗai ya ƙi ɗaga hannu. Charlene ce ta kawo ƙarar, ita ta rubuta mini gargaɗi har sau uku, ita kuma ta shaida wa kwamiti cewa ban amsa ko ɗaya ba. Ta ina zan amsa, ina kwance a wata jiha, wasiƙun suna hannunta? Na same su a ƙasan tarin da ta ajiye mini a kicin, an ɗaure da roba tsaf. Dalilin duka kuwa, hukumar gari na ba da allon yabo ga layin da ya fi kyau, tana so a kafa shi a zamaninta.

Rosalind ta ce mu kai ta kotu, ka san ita 'yar Amurka ce. Na ce a'a. Na yi sati uku ina ɗaga wa Charlene hannu kowace safiya, ina tambayar lafiyar karenta. Ranar Asabar da ta wuce Dwayne ya yi gashin naman da yake yi wa unguwa duk shekara in an fara wasannin ƙwallo. Kowa ya hallara a ciyawarsu, har faston cocinsu da matarsa. Na kira mutanen nan biyu da suka tone lambuna, su ɗin dai, na ɗauke su aikin rabin wuni. Na sa rigata mai kyau da hular coci, na buɗe gareji da ƙarfe ɗaya na rana, na shige gaba da sandata, suna biye da ni da baro. Sawu goma sha ɗaya suka yi. Kwali sittin da uku, kowanne da sunanta a jiki da lambar gidana, suka jera su daga bakin titi har gindin murhun Dwayne.

Na ce masa ya yi haƙuri da katse musu shagali, ajiyar matarsa ce ta shekara uku na dawo da ita, don da wannan ƙugun nawa ba zan iya kula da kayan mutane ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya farke na kusa da shi, sai ga tukunyar suya ta lantarki. Ya farke na biyu, irinta ce sak. Na uku fitilun Kirsimeti ne, na huɗu takalma, na biyar wata tukunyar suyar. Naman yana ƙonewa ba wanda ya juya shi. Charlene ta yi ta cewa ya tsaya ta yi masa bayani, ai yawancinsu kyauta ce ta tanadar wa jikoki. Ya cire rigar girkinsa ya ninke, ya miƙa wa fasto, ya shiga motarsa. Har yau yana gidan ƙaninsa. Ni kuwa na karɓi faranti, na ci salak, na gode wa kowa, na tako gida a hankali.

Ranar Litinin ta zo, ba kwalliya, ido a kumbure. Ban buɗe ƙofar raga ba, kuma karo na farko a rayuwata baƙo ya tsaya a ƙofata ban yi masa tayin shayi ba. Ta ce, “Glenys, kin kashe mini aure saboda bishiya.” Na ce, “Ke kika riƙe mini lema ranar, Charlene. Kin san abin da ke gindinta.” Sai ta ce wallahi ta manta. Na yarda da ita, yaya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da a ce da gangan ta yi, da na san dai ta ɗauki mijina a bakin wani abu.

Dwayne kaɗai nake tausayi, shi ma gara ya san abin da yake hawa rufi dominsa. Kada ka rubuto mini wa'azi, faston ya riga ka. Ya zo jiya ya yi awa guda yana mini maganar yafiya, ya ce riƙo guba ne ga mai shi. Na saurare shi da ladabi, na ƙara masa biskit. Abin da bai sani ba, wata mai zuwa za a sake zaɓen kwamiti, kuma na ba da sunana. Likita ya ce in riƙa tafiya kullum, to ina yi, gida gida, Mista Pruitt na riƙe da takarda. Gidaje arba'in da biyu ne a unguwar, ashirin da shida sun riga sun yi mini alkawari. Da faston zai tafi ya tambaye ni ko zan yafe mata, na ce masa ƙwarai kuwa, ni Kirista ce, amma sai bayan an ƙirga ƙuri'u.

Ka gaida Marjorie da kyau, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa mini ta iso. Ka gaida Neville da matarsa, da Philippa, da ƙananan duka, ka shafa mini kansu. In ka je wurin Goggo Beryl ka karanta mata takardar nan da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya, ita za ta fahimce ni. Allah ya bar mu tare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Glenys