Bawul ya zurma cikin inji

Yaya Sani,

Gaisuwa irin ta sarakuna gare ku baki ɗaya, kai da Anti Hajara da yara, har kajin gida! Ina gajiya, ya Kaduna? Mu nan Gesse lahiya lau.

Yaya, kunya nika ji. Motarka da ka bar min ta hwara hayaƙi, nic ce ni ka canza sil ɗin bawul da sifirin, ai ka san ƙaninka gwani na. Maƙwabcinmu Bitrus makanike yac ce in cusa igiya ta ramin fulogi ta tokare bawul kar ya hwaɗa cikin inji, kahin in kwance. Nic ce mishi igiya sai akuya. Ina danne sifirin, sai ƙwal! bawul ya zurma ciki. Bitrus yay yi min wani kallo, gara da ya zage ni.

Ranar kuwa nay yi alkawalin kai Inna bukin suna Argungu. Ta sha kwalliya, ƙarshe motar haya ta hau, tana ce min "Sannu injiniya."

Yanzu sai an ɗaga kan inji. Ka gaida kowa, ka sa ni addu'a, kuma don Allah aiko min da sabon gaskit na kan injin. Bitrus zai ɗaura, ni nawa miƙa sifana.

Ƙaninka,
Bala