Farantan Mama Masu Bakin Zinariya

Pikeville, 3 ga Mayu

Yaya Darlene,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gwiwar taki, da jikin maigida Vernon? Ni dai da sauƙi.

Ƙarshen wata zan koma gidan tsofaffi, ɗaki ɗaya tak. Komai na rabar, saura farantan Mama. Kin tuna yadda ta tara su ɗaya-ɗaya, shekara tara tana ɗinka wa matan manajojin kamfanin haƙar kwal tufafi? Ranar da suka cika goma sha biyu ta kwashe kwalaben tumatir da muke shan ruwa a ciki ta zubar, ta ce an gama kiranmu 'yan kwalba. Amma ko sau ɗaya ba mu ci a farantan ba, wai na manyan baƙi ne.

Ranar Asabar zan je Columbus bikin jikata Paige. Na naɗe su da jarida, ita zan ba.

Ƙanwarki,
Glenda

Pikeville, 12 ga Mayu

Yaya Darlene,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na dawo, kuma da kayana na dawo.

A tsohon garken shanu aka yi bikin, kuma da gangan. Likitoci da lauyoyi ne cike, sun ci ado. Ki canki a me aka ba mu lemo? Kwalaben tumatir, Yaya! Uwar ango har tana yi mini bayani wai su ake yayi. Na riƙe tawa, na kasa kai ta baki.

Paige ta rungume ni, ta ce farantan sun yi kyau, sai dai ba wuri, kuma injin wanke-wanke zai cinye zinariyar. Ban ga laifinta ba, amma na yi kuka a mota. Mai shagon gwanjo kuwa, da na kai masa su, cewa ya yi ko kyauta ba ya so, irinsu sun cika masa shago.

Jiya na dafa wake da burodin masara, na ciro faranti ɗaya na zuba. Shekara sittin muna jiran manyan baƙi, ashe ni ce. Ina ci ina jin kamar Mama za ta shigo ta tsawata mini.

Faranti biyu zan tafi da su gidan tsofaffin. Idan gwiwa ta bar ki, ki zo mu ci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Glenda