Abin da Na Faɗa a Gidan Biki

Litinin, 4 ga Satumba

Sun buɗe sabon gidan abincin. Na huɗu ke nan a titinmu na Nyali cikin shekara guda, wannan kuwa ƙofarsu na kallon tawa. A allonsu wai abincin Asiya duka: na Japan, na Koriya, na Sin, na Thailand. A kicin ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina dafa shinkafar biriyani a Mombasa, har yau ban ce na gama iyawa ba, su sun iya na ƙasa huɗu.

Mai wurin wata Wairimu ce daga Nairobi. Ta aiko mini da katin gayyata. Na ɗora butar shayi a kai.

Alhamis, 7 ga Satumba

Kasuwar kifi babu manyan jatan lande. 'Yan cin abinci da tsinke sun kwashe tun kwalekwale bai taɓa gaɓa ba. Mutumin da nake saye a wurinsa tun yana da gashi a ka ya ce in yi haƙuri. Kuma ɗanyen kifi suke ba mutane. Ɗanye, a naɗe da shinkafa mai sanyi, mutane na ɗaukar hotonsa.

Asabar, 16 ga Satumba

Shee ya tafi.

Shekara goma sha bakwai yana kan murhuna. Ni na koya masa yadda ake gane shinkafa ta nuna ta ƙamshi, ba sai an buɗe tukunya ba. Bayan la'asar ya wanke hannu, ya tsaya yana murza hula, ya kira sunana, ya ce, "Bi Mwanakombo, zan tsallaka titi."

Ya yi ta bayani. Wai gwiwoyinsa sun gaji da ɗaga tukwane, can da gas ake girki, kuma za su sa matarsa Mwanajuma a tsarin asibiti saboda ciwon ƙodarta. Na ce ya je ya naɗa musu shinkafa a ganye, Allah ya ba da sa'a. Ya miƙo mabuɗin sito. Ban karɓa ba, na nuna masa tebur.

Laraba, 20 ga Satumba

Na hango shi da baƙar riga da ɗan ƙyalle a goshi kamar mai dambe. Dattijo da jika.

Da rana tebur uku kawai na cika. Har 'yan banki da suka saba zuwa kullum sun tsallaka.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Bikin 'yar ƙanwata Tatu. Muna zaune da mata muna yankan albasa, wata ta tambaye ni ina Shee. Na ce yana can, Allah kaɗai ya san irin man da suke suya da shi, ni dai ba na cin abin da alade ya ratsa.

Sai aka hau salati. Zuhura mai lalle ta goge hannu ta ɗauki wayarta.

Ban ce na gani ba. Cewa na yi Allah ya sani. Kuma ya sani ɗin.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Saƙon da Zuhura ta tura ya dawo wayata ta wuri uku. Yanzu wai wani ma'aikaci ne ya ga gwangwanayen kitsen alade da idonsa. Ni ban san wani ma'aikaci ba.

Biriyani ya ƙare tun kafin biyu. 'Yan banki sun dawo, ɗaya yana cewa gida gida ne. Na ƙara masa nama.

Talata, 10 ga Oktoba

Wairimu ta manna takardar shaidar halal a ƙofa. Wa zai tsaya karantawa? Da rana Turawa biyu kawai na ga sun shiga. Da kyau.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Tatu ta zo, ko zama ba ta yi ba. Mijinta ya ce yau a masallaci an bar wa Shee fili dama da hagu a sahu, kamar mai cuta. Maƙwabta kuma sun mayar wa Mwanajuma da kwanon abincin da ta aika musu, ko buɗewa ba su yi ba. Matar da ba ta iya tsayuwa sosai, ta daure ta dafa.

Ta ce, "Yaya, a gidana kika faɗa, ina wurin."

Na ce ta je ta kula da amaryarta. Ni na ce Shee ya bar ni?

Asabar, 14 ga Oktoba

Shee ya zo ta ƙofar baya, inda ya saba shigowa. Bai shigo ba. Ya rame, ko baƙar rigar ce.

Ya gaishe ni yadda ya saba, har da tambayar ƙafata. Sannan ya ce shi ke sayo man da kansa, a shagon da na nuna masa tun yana sabon zuwa. Ya ce in abin bai gyaru ba, ƙarshen wata Wairimu za ta rage ma'aikata, kuma shi ne sabo.

Ya ce, "Ban zo rigima ba. Shekara goma sha bakwai kina cin abin da hannun nan ya dafa. Kin taɓa tambayata me na sa?"

Ashe ya san ni ce. Na jira ya faɗa ƙarara in samu abin kamawa, bai faɗa ba. Na ce ya tsare mini hanya, mai gawayi na zuwa. Ya matsa. Mai gawayi sai Litinin yake zuwa, shi ma ya sani.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ba ni na sa masa ciwon gwiwa ba, ba ni na sa wa matarsa ciwon ƙoda ba. Su suka zo titina. Su suka kwashe kifin.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Shinkafa ta kama sau biyu. Gawayin bana ba shi da kyau.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ruwan wankinsu na gangarowa ƙofata, shi ya kai ni. Ba wani abu ba. Na tsallaka daidai an sauko daga masallaci, titi cike, ban lura da lokacin ba sai da na isa.

Wairimu ta ga ni ce, ta daskare. Na yi maganar ruwan. Ƙafata na ciwo, sai na zauna a teburin da ke jikin gilashi, wanda duk mai wucewa ke gani. Tunda na zauna, na ce a kawo abin da Shee ya dafa. Ta kawo tsinke, na ce 'yata ɗauke, ba kitso na zo ba, kawo cokali.

Taliya ce da jatan landen da suka hana ni. Na yi bisimilla da ƙarfi. Mijin Tatu ya wuce da mutanen sahun gaba, suka rage tafiya. Zuhura ma ta tsaya da wayarta a hannu. Na ɗaga mata kwanon ta ɗauki hoto da kyau, tunda ta iya aikawa.

Na cinye don ba na son ɓarna. Shee ya fito ya tsaya nesa, idonsa ja, wai hayaƙi ne. A kicin ɗin gas.

Na ce gishiri ya yi yawa. Ya ce zai rage Juma'a mai zuwa.

Ban ce zan zo ba. Na dai ce kada su ba kowa teburin, sauran duk suna ƙarƙashin fanka.