Baitukan Gidan Wong

Suva, farkon watan Yuli

Zuwa ga Yaya Sau-ying,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Auckland, yaya kuma gwiwar nan taki? Mu nan kalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Yaya, kin tuna yadda Baba yake hana mu taɓa shinkafa sai mun karanto baitukan gidanmu? Da labarin kakanmu na can ƙasar Sin, mai 'ya'ya ashirin da ɗaya, wanda ya bar uku a gida, ya ɗora sauran a kan dawaki ya ce kowa ya je ya nemi ƙasarsa. Ya koya musu baiti takwas, domin duk inda Wong ya gamu da Wong, wannan ya fara, wancan ya ƙarasa, sai a ba baƙo abinci da makwanci. Baba yakan ce daga nan sunan ya bazu har ya ƙare a kanmu, masu sayar da kabeji a bakin teku.

To, shekaranjiya wani ya fara mini baitukan nan. Ma'aikacin jirgin kamun kifi ne, sunansa Dehai, hannunsa ɗaya naɗe da tsumma. Ya ga sunanmu a saman ƙofar kanti ya shigo. Harshensa na arewacin Sin ne, ba namu ba, amma daga baiti na farko na gane. Ya kai rabi ya tsaya, yana jira na. Gudowa ya yi daga jirgi, ko makaho ya san haka.

Lau, wakilin jirgin, yana zaune a kantin yana shan shayina. Kin san shi ke sayen rabin kayan lambuna. Sai na ce wa Dehai ban ji abin da yake faɗa ba. Ni da nake iya karanta su ko cikin barci! Ya sunkuyar da kai ya fita da sauri, kafin Lau ya miƙe.

Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Kam-fai

Suva, tsakiyar Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, kuma duk faɗan da kika yi mini na cancanta, har da na shafi na biyu.

Na ji inda Dehai yake. Kin tuna Sairusi Wong, mai tasi, wanda kakansa Basine ne, sauran danginsa duk 'yan ƙasa? Wanda ƙungiyarmu ta Sinawa ba ta taɓa kira cin abincin sabuwar shekara ba, wai don bai san ko baiti ɗaya ba? Harafin sunanmu na rubutun Sin kaɗai ya iya, ya sa an zana masa a ƙofar mota. Dehai ya gani ya tare shi, ya nuna harafin, ya nuna ƙirjinsa. Sairusi bai nemi wani bayani ba, ya wuce da shi gidansa a garin Nausori. Ɗaki suka ware masa, matar Sairusi tana wanke masa ciwon hannun.

Sairusi da kansa ya raɗa mini, wai tunda mu gida ɗaya ne. Kunya ta hana ni kallon idonsa.

Jirgin zai tashi ƙarshen mako. In Dehai ya kai lokacin a ɓoye, ya tsira. Gobe zan kai masa agwagwa da shinkafa, in ƙarasa masa baitukansa, ko na samu in yi barci.

Naki,
Kam-fai

Suva, ƙarshen Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata jiki da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je, Yaya. Matata ta ce in bari sai jirgi ya tashi, na ce ba zan iya ƙara kwana da wannan nauyi ba. Kuma a motar kanti na tafi, wadda kowa a tashar jiragen ya sani. Lau ba yaro ba ne. Shi ma ya ji baitukan ranar nan, ya kuma ga fuskata. Ban ko duba bayana ba, ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Ina shiga tsakar gidan, motar Lau ta tsaya a ƙofa, da ƙarti biyu a ciki. Ba a yi kokawa ba. Lau ya ɗan yi wa Dehai magana a kan matarsa da ke gida da takardunsa da ke hannun kyaftin, shi ke nan Dehai ya sa takalmansa ya bi su. Ko baiti ɗaya ban samu na faɗa ba.

Jirgi ya tashi da shi ranar Asabar.

Sairusi bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya dai ce tun da ya hango motata ya yi niyyar barin ƙofa a kulle. Dehai ne ya leƙo ta taga, ya gan ni riƙe da tukunya, ya yi murmushi ya ce da ɗan Turancin da ya iya: "Buɗe masa, ɗan gidanmu ne."

Ki gaida yara. Kada ki ba su wannan labari tukuna.

Ƙanenki,
Kam-fai