Katin Waƙar Shuka

Birnin Kudu, Litinin

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hidaya da yara, da fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, zama wuri ɗaya ne dai ya gagare ni.

Ka san aikina a ɗakin karatu, kowane littafi in yi masa kati in jefa a durowa. To, an ce kati ya tsufa, komai zai koma kwamfuta. Sabon tsarin kuwa ɗan bin diddigi ne. Kati layi ɗaya gare shi na suna, tsarin kuwa sai ka faɗi wanda ya tsara abu, da wanda ya kwafa, da wanda ya ajiye, kowa da gurbinsa. Sunan da ka shigar kuma ba nan zai tsaya ba, ɗakunan karatu na wasu ƙasashe za su ɗauka yadda ka rubuta.

Yau na iso kan waƙar shuka, wadda Bappa Hadi ya kawo da ajamin hannunsa shekara ashirin da suka wuce. Katin ya ce tasa ce. Ni da kai kuwa mun san Inna ce ta tsara ta a gona, baiti-baiti, shi yana rubutawa don ita ba ta iya ba. Ranar Alhamis za a tura bayanan waƙar cikin sabon tsarin. Tun safe nake ɗaukar katin ina mayarwa, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko ƙaya ce a kujerar.

Gobe zan je gida. Ka gai da kowa.

Ƙanwarka,
Zulfa

Zandam, Laraba

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na samu mutanen gida lafiya, suna gaishe ka.

Na fara da Bappa, na yi masa bayani a ladabce. Ya ce daga Gwaram har Kiyako Malam mai waƙa ake kiransa, yanzu da furfurarsa zan mai da shi maƙaryaci? Ya ce ba don alƙalaminsa ba da tuni waƙar ta bi iska. Nan kam gaskiyarsa ce, shi ya sa ma na fi jin haushi. Na ce ai sunansa na nan a gurbin mai kwafa. Ya ce ko jaki ma yana ɗaukar littafi.

Inna kuma na tarar tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in bar wa ƙanin mijinta abinsa, zumunci ya fi takarda. Har na haƙura, na zauna ina karanta mata baitin dawa don kawai ta ji. Sai ta tsayar da ni, ta ce ba haka ta yi shi ba, ya tsallake layi biyu. Ta rera su, hannunta bai bar gyaɗar ba. Yaya, wadda ta bar wa wani abu ba ta yin gyara irin wannan.

Ban ci abincin kirki ba tun jiya. Ka sa ni a addu'a.

Zulfa

Birnin Kudu, Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na tura. Sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba, jiya na buga shi da yatsuna, Kubra Ismail, a gurbin mai waƙa. Bappa a gurbin mai kwafa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Da hantsi Bappa ya aiko a ba shi takardunsa. Haƙƙinsa ne, an ba shi. Bai san sabon tsarin ya raba waƙa da takarda ba. Gurbin takarda ya koma babu, waƙar tana nan da sunan Inna, kuma ta riga ta fita hannuna.

Na ɗauka zan samu natsuwa, ban samu ba. An ce tun jiya Bappa bai amsa gaisuwar Inna ba, tuwon da ta aika masa ma an dawo da shi a rufe. Ni na zauna a ofis na danna maɓalli, ita ce ke zaune gida ɗaya da shi.

Don Allah, Yaya, ka ajiye kasuwar nan ka je gida gobe. Ni kunyar haɗa ido da ita nake ji.

Taka har kullum,
Zulfa